Suna a Kan Kowane Abu

Dare ya raba a Onomichi, jirgin fito na ƙarshe ya kwana,
ni kuwa ina gaban tebur da hantsaki a hannu,
ina liƙa sunanki a jikin kayan lissafi.
Makaranta ta ce kowane abu sai da suna:
fensir goma sha biyu, magogi, farin takalmin cikin aji,
'yan sandunan ƙirga, sirara kamar tsinken sakace.
Ko, to, ha. Baƙaƙe uku kacal,
a takardar da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba.
Hannun da ya saba da igiyar jirgi, ga shi yana rawa.

Uwarki tana asibiti, aikin dare.
Ta bar min saƙo a jikin firji: kada ka karkace su.
Na karkace bakwai.
Na ɓoye su a ƙasan akwati, ban shirya faɗa mata ba.

Jakar kuwa kakarki Setsu ta saya tun bara,
ja wur, mai tauri, mai ƙamshin sabuwar fata,
ta ce shekara shida za ki yi kina goya ta.
Ranar da kika gwada, na duba ta baya,
ban ga komai ba sai jaka da ƙafafu biyu
da 'yar hula rawaya tana leƙowa.
Na yi dariya har kika yi fushi,
na shiga kicin, dariyar ta koma wani abu dabam.

Wata guda muna koyon safiya.
Tashi ƙarfe shida, ninke shimfiɗa da kanki,
cinye shinkafa da miya kafin su huce,
ɓalla maɓalli daga sama, ba daga tsakiya ba.
Nakan zama malam, in riƙe jarida kamar rajista,
in kira, Kotoha!
Ki ɗaga hannu ki amsa, har maƙwabta su ji.
Wata rana kuma ki shige ƙarƙashin tebur,
ki ce yau Kotoha ba ta zo ba, ta tafi kamun kifi.

Sai hanya.
Matakalar dutse ɗari da tamanin da uku, mun ƙirga tare.
Kyanwar bakin haikali: gaisuwa kawai, ban da zama.
Layin dogo: idan ƙararrawa na kuka, ƙafa ta tsaya.
Shagon tsoho Kuwata mai awara:
in wani ya tsorata ki, faɗa ciki, ba sai da sallama ba.
Nan yara ke tafiya da 'yan uwansu yara,
iyaye iyakarsu bakin ƙofa.
Na san haka. Ni ma haka na tafi.
Sani dabam, sakin hannu dabam.

Asabar da ta wuce kika ce, Baba, tsaya nan,
kai ai ba a kira sunanka ba.
Na laɓe bayan injin sayar da lemo, ƙato da ni,
ina jiran ki waiwayo.
Furen sakura na zuba a kan hularki.
Kika gaida kyanwa, kika ɗaga hannu kika tsallaka,
jar jaka ta ƙanƙance, ta ƙanƙance, ta sha kwana.

Yau Litinin, Afrilu ta kama.
Barci ya sace ni a kan tebur, hantsaki na hannuna.
Na farka na same ki tsaye, maɓallai duk a layi,
kin ɓanɓaro takarda guda cikin waɗanda suka rage,
kin manna min a bayan hannu, a karkace.
Kika ce, don kada ka ɓace kafin in dawo.

Yanzu azahar ta gota, ina jan igiya a mashigi.
Ruwan gishiri ya ci baƙi biyu,
saura ɗaya,
ina kare shi da babban yatsa.